Audugar Tsoho a Katifar Saratu

Makon jiya wasu samari uku daga cikin 'yan ci-ranin da ke kwana a bayan masallacin layinmu suka tsaya a bakin rumfata, ina farke wata tsohuwar katifa. Dogon cikinsu, mai tura baro, ya ce, "Baba, ai wannan aikin naka hutu ne. Kana inuwa, ka cusa auduga a buhu, ka ɗinke baki. Koya mana mu ma mu huta da rana." Na ce ya matso ya sa hancinsa cikin abin da na farke. Ya matso da ƙwarin gwiwarsa, ya shaƙa sau ɗaya, ya koma bakin kwata yana atishawa har da hawaye. 'Yan'uwansa suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Tun ranar nake son in gaya musu abin da ke cikin katifa, su da duk mai irin tunaninsu, amma su ba su da zama, ni kuma bakina nauyi gare shi a gaban mutane. Shi ya sa na sa a takarda.

Sunana Ilu. A Agege, nan Legas, in ka ce Ilu Mai Katifa, ko ɗan okada mai babur zai kawo ka. Na haura shekara arba'in a wannan rumfar, kuma kayan aikina ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Akwai bakan shiɓa, wanda ya kusa kai ni tsawo, da tsirkiyarsa ta jijiya da nake samowa wurin mahauta. Akwai tsumagiyu biyu na dukan auduga, da basilla, da almakashi, da alli, da keken ɗinki da ya girme wa duk samarin nan. Abin da ido ke gani ke nan. Sauran aikin a hannu yake. Hannu ne zai gaya maka audugar nan ta mutu ko za ta tashi, hannu ne zai gaya maka kusurwar nan ta ƙoshi ko da saura. Wanda bai iya ba sai ya cika tsakiya ya bar gefe, bayan wata biyu mai katifa ya wayi gari a cikin rami, ya zo yana zagin iyayenka da Yarbanci.

Katifar farko da na yi da hannuna ta wani mai gadi ce a Ikeja, mutumin Nijar. Lokacin na shekara uku a gaban mahaifina, wanda kowa ke kira Tsoho, ba abin da nake yi sai duka da shiɓa da shara. Ranar da ya ba ni yadi da basilla na ɗauka na zama mutum. Na gama, na jingine ta, ina jiran yabo. Tsoho ya zo ya shafa ta sau biyu da bayan hannu, ya ce, "Wannan buhun doya na waye?" Ya yi wa mai gadin wata sabuwa, tawa kuwa ya ce in kwana a kai har sai na gane laifinta da haƙarƙarina. Wata guda na yi a kanta. Har yau in na ga kumburi a katifa sai in ji gefen damana ya amsa.

Tsoho gwani ne, amma ba ka ganinsa kafin ka ji shi. Ƙirjinsa fito yake yi, siririn sauti kamar na butar shayi ta fara zafi. Fuka ce. A garinmu can arewa takan taɓa shi jefi-jefi, amma da ya sauko Legas sai ta tare a jikinsa. Shi dai ya ɗora laifin a kan sanyin teku. Ya sha zuma da tafarnuwa, ya sha citta da kanumfari, ya sha rubutu. In ta tashi sai ya jera matasai uku na aikin hannunsa, ya jingina, ya ce a rufe taga kada iska ta shigo. In ta lafa ya koma kan bakansa. Yakan ce kowace sana'a da abin da take karɓa a jikin mai ita, maƙeri ido, mu ƙirji. A kan matasan nan uku ya cika, wani hantsi cikin damina, yana zaune.

Ƙanena Isiyaku ma an kawo shi koyo. Wata uku ya yi, idonsa ja, hancinsa na zuba, in ya ɗaga tsumagiya sau goma sai ya dafa gwiwa yana neman numfashi. Tsoho, da ƙirjinsa ke irin wannan kukan, ya dube shi ya ce rago ne, ya sa shi a motar shanu ya koma gida. Can ya kama noma, ya murje, ba a ƙara jin fitonsa ba sai nadiran. Mu kuwa muka ce ka gani, dama ƙarya yake yi. Ni ko tari ban taɓa yi ba. Nakan cusa fuskata cikin audugar da ta shekara ashirin a ƙarƙashin mutum in shaƙa, in faɗi ko an taɓa jiƙa ta. Da wannan nake yi wa mutane burga.

Ba irin katifar da ban buɗe ba. Akwai wata Iya Bose, mai gidajen haya a Ebute Metta, da ta aiko da katifar mijinta bayan ya mutu. Na farke, kuɗin cizo suka watse kamar an zubar da gero. Ta ja da baya tana tafa hannu: "Aboki, wetin be dis? Na dis tin I dey sleep on top?" Wato mene ne wannan, ashe a kan wannan take kwana? Na ce ta ba ni kwana huɗu. Na shanya, na daka, na tsince, na tafasa yadin, na mayar mata, ta yi ta sa min albarka da yarenta da nawa. Na san kuɗin cizo, na san ƙuma, na san ɓera da gara, na san inda kowanne ke ɓuya da abin da ke kashe shi. A tunanina duk wani abokin gabar katifa na san fuskarsa. Ban san akwai wanda ido ba ya gani ba.

Yanzu sai in faɗi al'adar gidanmu, don a kanta komai ya rataya. Tsoho ya zo Legas da katifarsa ta audugar rimi, daga rimin da ke bayan gidan kakanmu. Ba a jefar da audugar nan. In yadin ya mutu a sake wani, a shiɓe ta, a mayar. Duk jaririn da aka haifa a gidan, sai an ɗebi cikin hannu ɗaya an sa a ɗan matashinsa, don ya kwana kan abin da kakanninsa suka kwana. Da Tsoho ya rasu na juye ta a buhuna huɗu na ɗora a saman silin ɗakinmu. Kowane mai katifa zai gaya maka tsohuwar audugar da ta sha shiɓa ta fi sabuwa laushi nesa ba kusa ba. Ta Tsoho kuwa in ka damƙa sai ka ji kamar ba ka riƙe komai ba.

'Ya'yana uku. Maza biyun jikina suka ɗauko, sun kwana kan matashin sun tashi garau. Ta ukun, Saratu, ba ta cika shekara biyu ba muka fara jin siririn sautin nan a ƙirjinta. Uwarta ta dube ni ta ce, "Malam, Tsoho ya dawo." Muka yi abin da muka ga an yi. Muka rufe taga, muka ƙara bargo, na ƙara mata matashi don kanta ya ɗagu, na kuma sa mata audugar kakanta da yawa don ta fi laushi. Haka ta girma, siririya, ba ta guje-guje da yara. Amma baki gare ta. Takan zauna nesa kaɗan da rumfa tana kwaikwayon yadda nake ciniki da Yarbawa, har masu wucewa su tsaya.

Da ta shiga makarantar kwana aka ce dole kowace yarinya ta zo da ƙaramar katifar soso mai rigar leda. Na ji haushi ƙwarai. Akwai Baba Wale, da ya buɗe shagon soso daidai tsallaken rumfata, wanda tun zuwansa cinikina ke ja da baya. Ni da shi gaisuwa ce kawai, ita ma da ƙyar. Ban iya taka shagonsa ba, uwarta na aika. Saratu ta tafi, zango ɗaya ta dawo da kumatu. Ta ce har gudu take yi a fili. In ta zo hutu ta kwana uku a gida sai tarin ya dawo, mu ce canjin ruwa ne. In ta koma ya tafi, mu ce girma ne ya zo, fuka ta sake ta. Shekara shida abin nan yana faruwa a gaban idona. Ni da nake gane jiƙaƙƙiyar auduga da hanci, ban haɗa wannan da wancan ba.

Aikin da ya fi kowanne a rayuwata shi ne katifar aurenta. Ita ta kawo mijinta, Nasiru, mahauci ne a kwatar shanu, yaro mai kunya da hankali, ya kama ɗaki a Isolo. Ƙawayenta suka ce a sayo soso mai tsayi irin na yayi. Na rantse 'yar Ilu Mai Katifa ba za ta shiga gidan miji a kan soso ba, Baba Wale yana kallo. Na sauko da buhunan Tsoho duka huɗu, ban rage komai ba sai abin da bai kai rabin buhu ba. Na haɗa da sabon rimi da aka kawo min a motar shanu. Kwana tara na yi. Na shiɓe sau uku, na shimfiɗa hawa-hawa, tsohuwa a sama inda jiki zai taɓa, sabuwa a ƙasa. Yadin mai kauri ne, shuɗi da fari. Kowane ƙulli na auna shi da alli, na ja da zare ninki huɗu. Masu wucewa sun yi ta tsayawa suna shafawa, har Baba Wale ya tsallako, ya danna da gwiwar hannu, ya ce, "Baba Ilu, e ku ise," wato sannu da aiki. Saratu ta zo ta faɗa a kai, ta yi atishawa uku a jere, ta yi dariya ta ce, "Baba, Kaka ne ke gaishe ni." Na ji daɗin maganar nan ranar, har na yi ta maimaita wa mutane.

Ɗakinsu a ƙasa yake, kusa da babbar kwatar ruwa, bangon kullum kamar yana gumi. Ba ta yi wata biyu ba fuka ta dawo. Muka ce sanyin ɗaki ne. Ta samu ciki, muka ce ciki ne. Ta haifi 'yarta Ummi, muka ce jego ne. Duk lokacin da na ji ta tashi, abin da na iya shi nake yi. Na kwashe ragowar audugar Tsoho na ɗinka mata manyan matasai biyu na jingina, na ɗauka a kaina na hau motar danfo na kai mata har Isolo.

Sai shekarar ruwa ta zo. Duk mai sana'a yana da shekarar da ba ya son tunawa, tawa ita ce wannan. Damina ta kama ta ƙi saki. A yi mako ba a ga rana ba, aikinmu kuwa rabinsa rana ce. Audugar da ke rumfa ta yi funfuna, tsirkiyar baka ta saki, in ka buga sai ta yi luƙus. Katifun mutane uku suka lalace a hannuna, masu su suka tsallaka wurin Baba Wale ina kallo. Zuciyata a kusa take a lokacin, ko gaisuwa aka yi min sai in ji kamar gori ne.

A cikin wannan halin Saratu ta zo wata la'asar, goye da Ummi, ta rame, tana riƙe da ɗan abin shaƙar nan na masu fuka. Ta tsaya daga waje ƙarƙashin lema. Muka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinta ba. Can ta ce, "Baba, in tambaye ka mana. In mutum ya ɗinka wa katifar auduga rigar leda, ya rufe ta ruf, tana lalacewa?"

Na ajiye basilla. Na ce, "Leda? A kan aikin wa? Auduga numfashi take yi. Kin rufe ta da leda kin kashe ta, ta gumu ta ruɓe. In soso kike so irin na makaranta ki faɗa min, ga shagon can, tsallakawa kawai za ki yi. Kowa ma ya tsallaka."

Ta gyara goyonta. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Haba Baba, daga tambaya? Wata maƙwabciyata ce ta ce in tambayar mata. Ni wa zai raba ni da Kaka?" Ta juyo da Ummi ta ce ta gaida mijinta, muka yi wasa, ta tafi. Ban ƙara tunanin maganar ba.

Bayan mako uku ruwa ya shiga ɗakinsu. Da safe, Nasiru ya riga ya tafi kwatar shanu, Saratu ta ja katifar ita kaɗai ta jingine a baranda, ta ɗauki sanda tana kaɗe ta yadda ta ga ina yi tun tana ƙarama. Maƙwabciyarta ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ta ji dukan ya tsaya, ta leƙo ta ganta durƙushe, tana shaƙar maganin ba ya shiga. Suka sa ta a keke mai ƙafa uku. Hanya ta cika da ruwa, motoci sun tsaya cik. Ba su kai asibiti da ita ba. Ina tsaye da tsumagiya a hannu wayar Nasiru ta shigo, kafin azahar.

Ba zan tsaya kan kwanakin da suka biyo baya ba. Duk wanda ya binne ɗa ya sani, wanda bai binne ba kuwa Allah Ya sa kada ya sani. Mun ce ajali ne, fukar gidanmu ce, ta ɗauki Tsoho ta ɗauki jikarsa. Da abin ya tsaya nan, da na iya ɗauka.

Ummi na da shekara biyu da 'yan watanni Nasiru ya zo rumfa ya durƙusa. Ya ce, "Baba, yarinyar nan ƙirjinta ya fara. Zan kai ta wurin likitar da ta duba mamanta. Ina so mu je tare." Ban san ma Saratu ta ga wata likitar ƙirji ba. Muka je. Likitar 'yar wajen Jos ce, tana jin Hausa irin tasu. Ta sa abin sauraro a bayan Ummi, ta ɗiga wasu ruwaye a hannun yarinyar ta ɗan tsaga fatar, muka jira. Wuri ɗaya ya tashi ya yi ja kamar cizon sauro. Ta gyaɗa kai ta ce, "Irin na mamanta ne."

Ta juyo da allon kwamfuta ta nuna min wata halitta mai ƙafa takwas, fara, mai gashi-gashi. Ta ce, "Baba, wannan ƙwaro ne, amma ido ba ya ganinsa. Yana zama cikin katifa da filo da bargo, yana cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikin mutum. Yana son wuri mai ɗumi da laima, irin Legas ɗin nan. Ba ya cizo. Kashinsa ne mutum ke shaƙa. Yawancin mutane ba ya musu komai. Amma akwai waɗanda jininsu ba ya shiri da shi, hanyar numfashi ta kumbura ta tsuke. Wannan halin yana bin jini. Yakan tsallake uba ya kama 'ya. Akwai masu fuka a gidanku?"

Na ce mahaifina, da ƙanena.

Ta ce, "To kun gani. Abin da ya fi tara su kuma tsohuwar katifa ce da ta daɗe. Na gaya wa mamanta ta fitar da tata, in ba za ta iya ba ta rufe ta da leda gaba ɗaya, ta riƙa wanke zanen gado da ruwan zafi. Ta ce min za ta yi shawara da wanda ya yi katifar." Sai ta dubi hannuwana, ta dubi farin da ke maƙale a hulata, ta ce a hankali, "Baba, wace sana'a kuke yi?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. Ni na amsa. Ta ajiye biro ta yi ta ba ni baki. Ta ce ko soso yana tara su, ta ce laimar ɗakin da hayaƙin gari duk suna da hannu, ta ce ba wanda zai ce abu ɗaya ne ya yi. Mutuniyar kirki ce, kuma na san ba ƙarya take yi ba. Amma ni ina zaune ne ina jin muryata tana cewa, a kan aikin wa?

A cikin danfo Nasiru ya ƙarasa min. Ya ce tun ranar da suka ga likita ya so ya fitar da katifar. Saratu ta hana. Ta ce Baba yana cikin wani hali, kowa ya guje shi, in ya ji 'yarsa ma ta jefar da aikinsa ba zai ɗauka ba. A bari damina ta wuce, ciniki ya dawo, za ta san yadda za ta faɗa masa da wasa. Ta gwada kwana a tabarma, ƙasa ta yi sanyi da laima, ta koma kan katifa. Ya ce, "Baba, ku yafe min, ni ma ban matsa ba." Na ce masa ba shi da laifi, na juya ina kallon titi har Agege.

Washegari na sa ya kawo min katifar da matasan biyu. Na shimfiɗa ta a rumfa na duba, don hannu ba ya barin halinsa. Shekara uku da wani abu ana kwana a kanta, ta sha ruwa, amma ko ƙulli ɗaya bai saki ba, ba rami, ba kumburi. Ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Wani mai wucewa har ya tambaya ko ta sayarwa ce. Na ja ta zuwa fili bayan layin dogo na zuba kananzir. Ta ƙi ci da wuri saboda laima, ta yini tana hayaƙi. Na tsaya har ta zama toka, audugar rimin kakanmu duka. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Na kuma san hannun da ya auna, ya shiɓe, ya zaɓi tsohuwar ya sa a sama. Abu biyun nan suna zaune a ƙirjina tare, ba wanda ya kori wani, kuma ban ƙara jin daɗin komai ba tun ranar.

Za ku ce me ya sa ban bar sana'ar ba. In bar ta in kama me? Mutumin da ya haura sittin, ba abin da ya iya sai baka da basilla. Ina nan ina yi, ga ɗan abin da ya rage na masu kawo gyara. Sai dai yanzu duk wanda ya sauke katifa, kafin in taɓa ta nakan tambaye shi ko akwai wanda ƙirjinsa ke fito a gidansa. In ya ce akwai, in ce sai dai in ɗinka mata rigar leda. Wasu su yarda, wasu su ce tsohon nan ya fara ruɗewa, su ɗauke kayansu. Na kira Isiyaku a waya na nemi gafararsa kan ragon da muka kira shi. Ya yi dariya ya ce shi ya manta. Ku samari masu son inuwa, in har kun nace, ku fara zuwa gida ku tambayi tsofaffinku wa ke tari a danginku, ku tambaya har kakanni. Lafiyar ƙirjinka kai kaɗai ba ta isa shaida ba. Nawa ƙirjin bai taɓa ciwo ba, kuma ta cikina abin ya bi ya wuce.

Ummi yanzu shekararta biyar. Tana wurin kakarta ta wajen uba, tana kwana kan soso mai rigar leda, a ɗakin da ba labule ba darduma, da abin shaƙarta a jakar makaranta. Ran Juma'a bayan masallaci Nasiru kan kawo ta. Ranar ba na taɓa auduga. Nakan yi wanka, in sa kayan da nake ajiyewa cikin leda a shagon Baba Wale, a can nake ɗaukarta, a kan bencinsa. Shi ya ba ni wurin da kansa, ban roƙa ba.

Ran Talatar da ta wuce Nasiru da Ummi suka biyo ba sanarwa, daga asibiti. Ina tsakiyar shiɓa, na yi fari fat tun daga hula har ƙafa, ƙura na tashi a rumfa. Ta hango ni ta ƙwace daga hannun ubanta ta sheƙo da gudu, hannuwa a buɗe. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗa ba: "Tsaya nan!" Ta tsaya cak a kan katakon da ke bisa kwata, ta ɓata fuska za ta yi kuka. Na sassauta murya na ce, "Amaryata, mijinki ya yi datti yau, bari sai Juma'a." Ta haɗiye kukan, ta leƙa bayana tana kallon tulin audugar. Bakin uwarta gare ta.

Ta ce, "Kaka, Abba ya ce kai ka yi wa Mamana katifar aure, wai duk Legas babu irinta."

Na ce haka ne.

Ta ce, "To ni ma in na girma kai za ka yi min. Irin ta Mama sak."

Nasiru ya kau da kai. Na dubi bakan da ke hannuna, na dube ta a kan katakon, taku huɗu tsakaninmu. Na nuna mata tsallaken titi da tsinin bakan.

Na ce, "A'a. Taki wurin Baba Wale za a saya."